Shekarar da Na Kulle Kanar

Duk wanda ya ga hotona a bakin tafkin nan abu ɗaya yake faɗa, wai na ƙetare teku na zo Riyad ina jefa wa agwagi burodi. Ƙannena a Haɗeja haka suke cewa. 'Yan matan da muke haɗuwa a gidan gwaggona a Suwaidi ranar hutu ma haka, har wata ta ce in na gaji in yi mata hanya, ita ma tana son aikin hutu. To ku saurara. Ba agwagi ba ne, burodi kuma cuta yake musu. Hutun kuwa, mai so ta zo ta shiga ruwan nan a watan bakwai da buroshi a hannu, in ta fito sai mu yi magana.

Larabawa baja'a suke ce wa tsuntsun. Mu ba mu da shi a gida, shi ya sa ba mu da sunansa. Mafi kusa da shi a wajenmu ita ce dinya, amma dinya a gabansa kamar akuya ce a gaban raƙumi. Fari ne tas, wuyansa ya kai tsawon hannuna, in na ɗauke shi kuwa sai na ji kamar na goya yaron da aka yaye. Asalinsa ƙasashen sanyi ne. Masu hali a nan suna sayo shi su sa a gidan gona don ado, sannan su nemo wanda zai yi ta fama da rana a kansa. Ni ce wannan.

Shagala aka kawo ni, wato 'yar aikin gida, a shekarar da aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar. Gidan yana Nasiriyya. Uwar gidan tsohuwa ce, kowa Mama yake ce mata, babban ɗanta ne kafilina, shi ke riƙe da takardun zamana. Wata huɗu na yi a kicin, kuma ba na ɓoyewa, ban yi wa kowa daɗi ba. Ina da gaggawa, ina da baki. Suna da gidan gona a bayan gari, istiraha suke ce masa, inda iyali ke taruwa ƙarshen mako. A can tsuntsayen suke, guda biyu, wani dattijo mutumin Damagaram mai suna Baba Sanusi yana kula da su tun ban gama sakandare ba. Da ƙafar Mama ta yi nauyi sai ta ce ita ba za ta riƙa sa abaya tana tafiya har ɓangaren maza don ta kalli tsuntsayenta ba. Aka ja katanga, tafki ya koma ɓangaren mata. Shi ke nan Baba Sanusi ya rasa hanyar shiga in iyali suna nan, ga shi Mama ta fara kwana uku huɗu a can. Aka ce wace ce ta san kiwo? Na ce uwata tana da agwagi sun fi ashirin. Da wannan maganar na samu aikin, da ita kuma na kusa rasa shi.

Akwai ƙofar ƙarfe a jikin katangar, da 'yar taga a tsakiya. Nan ce makarantata. Baba yana zaune a kan bulo ta waje, ni ina ciki, yana faɗa ina yi. Ranar farko bai bar ni na taɓa komai ba. Ya ce in tsaya in kalle su in faɗa masa abin da na gani. Na ce na ga farare biyu. Ya ce to ban ga komai ba, in sake kallo.

Ga abin da ya sa na haddace, in kuna son sani. Baja'a iri-iri ne. Namu shi ne wanda ake ce wa bebe. Bakinsa ruwan lemo ne, a gindin bakin akwai baƙin ƙullutu kamar ƙwallon goruba ƙarami. In yana ruwa yana lanƙwasa wuya, baki yana kallon ƙasa, sau da yawa yana ɗan ɗaga fukafukai a kan bayansa. Akwai wani fari ɗan'uwansa mai baki rawaya da baƙi, ba ƙullutu, wuya a miƙe kamar sanda, shi wannan ihu gare shi kamar hon ɗin mota. Akwai baƙi mai jan baki. Beben ma ba bebe ba ne, sharri ne aka yi masa. Yana huci kamar kumurci, yana gurnani ta hanci, macen tana da wani ɗan kuka da take kiran 'ya'ya da shi. Namiji ya fi girma, wuyansa ya fi kauri, ƙullutunsa yana kumbura in lokacin aure ya zo. Namu Baba ya sa masa Kanar saboda baƙin rai. Macen kuma Delu.

Wata rana ƙawar Mama ta aiko direba aka kai ni gonarsu. Ta sayi biyu, an ce mata mace da namiji ne, shekara biyu ba ƙwai sai faɗa. Ban yi minti biyar a tsaye ba na ce mata duka maza ne. Ta ce yaya aka yi na sani, ai ban ko taɓa su ba. Na nuna mata wuyansu da ƙullutun. Ta kira likitan dabbobi daga Malaz, wani Basudane, ya zo ya kwantar da su ya duba, ya faɗi abin da na faɗa. A hanyar dawowa ban bar direban ya huta da labarin ba.

Kayan aikina ba su da yawa: raga mai dogon icce ta kwashe ganye da gashi, buroshi, tiyo, takalmin roba mai kai gwiwa, bokiti biyu, da almakashi babba. Bayan sallar asuba nake fara kwasar ƙazanta, don tsuntsun da ke cin ciyawa yini guda kun san abin da zai bari. Abincinsu latas, ɗanyar ciyawar nan barsim da ake ba tumaki, da alkama. Amma ba a zuba musu a busasshiyar ƙasa kamar kaji. A cikin ruwa ake sa musu, a gefen da ba zurfi, su zura wuya su tsamo, don da ruwa suke haɗiya. Ruwan rijiyar gonar yana da gishiri, rana kuma tana dafa shi, kwana kaɗan ya zama kore. Duk mako sai na rage shi na shiga na goge siminti. Daɓen bakin tafki in ya ɗau zafi yana ƙona musu tafin ƙafa, saboda haka sai na yi ta jiƙa shi da tiyo daga hantsi har la'asar. Sau ɗaya a shekara, in zafi ya kama, suna zubar da manyan gashin fukafuki, sati shida ba sa iya tashi. Macen ce ke fara zubarwa, sai ta kusa gamawa sannan namijin ya fara, don kada a same su duka ba ƙarfi. In sabon gashi ya fito sai a rage na fiffike ɗaya kawai, ba biyu ba. Wanda aka rage wa duka biyu yana iya daidaita jiki ya tashi.

Kamun ma sai da na koya. Hannu ɗaya a wuya a hankali, ɗaya a danne fukafukai, a sa shi a hammata kansa yana kallon baya. Ba bakinsa ne abin tsoro ba, gwiwar fiffiken ce. Kanar ya taɓa make ni a ƙwauri, sati biyu ina ɗingishi, Baba yana leƙowa ta taga yana dariya yana cewa yanzu na karɓi takardar shaida.

A satina na biyu na ga Delu tana yawo a ruwa da ƙafa ɗaya a naɗe a kan bayanta. Na ruga ƙofa ina kiran Baba ya nemo mota, ƙafa ta karye. Ko tashi bai yi ba. Ya ce in jefa latas. Na jefa, ta sauke ƙafar ta taho da gudu. Ashe hutawa suke yi haka.

Yanzu ga shekarar da nake son ku ji.

Shekarata ta biyu ce, ƙarshen sanyi. Baba ya tafi hutu Damagaram, wata uku, karo na farko cikin shekara huɗu. Kafin ya tafi ya ce mini yana ganin bana za su yi sheƙa, in tara musu busasshiyar ciyawa da ganyen dabino a kusurwa, in bar su. Iyakar abin da ya ce ke nan, in bar su. Suka kuwa yi. Kanar yana tsinto ciyawa yana miƙa wa ta bayansa, Delu tana jerawa, har suka tara tuli mai faɗin tabarma. Ta fara ƙwai, yau ɗaya, ta tsallake gobe, jibi ɗaya, har biyar, manya, masu ɗan duhun kore. Mama ta yi murna kamar an yi mata jika. Shekara shida tana jiran wannan.

Shi kuwa Kanar ya haukace. Ya ɗaga fukafukai, ya mai da wuya baya, yana tura ruwa da ƙirji, duk wanda ya matso sai ya fito masa. Ranar wata Juma'a ya kori jikar Mama 'yar shekara biyar, ta faɗi ta kurje gwiwa. Uwar yarinyar ta yi ta faɗa, ta ce a san yadda za a yi da wannan shaiɗanin.

Ni kuma na san yadda za a yi, a ganina. A gidanmu in agwagwa ta kwanta kan ƙwai, abu na farko da Inna take yi shi ne ta ware toron. Toron agwagwa ba ya tsinana komai sai ɓarna, ya hau sheƙa ya fasa ƙwai, in an ƙyanƙyashe ya tattake 'ya'ya. Duk yarinyar da ta tashi a bakin fadama ta san wannan. Ban kira Baba ba, ko da yake ina da lambarsa. Me zan tambaya? Na jefa wa Kanar tsohon bargo, na sunkuce shi, na kai shi kejin da aka taɓa ajiye barewa a bayan ɗakin injin ruwa, na sa masa baho cike da ruwa, na kulle. Matan gidan har yaba mini suka yi.

Kanar ya ƙi ci. Ya yi ta zirga-zirga a jikin waya har gashin ƙirjinsa ya goge. Na ce yunwa za ta koya masa hankali. Delu ta zauna kwana biyu, a na uku ta sauka ta tafi jikin katangar da take jiyo motsinsa, ta tsaya can. Ta dawo, ta sake tafiya. Kullum sai ta daɗa jimawa. Rana kuwa ta fara zafi, ƙwai a buɗe tun daga azahar. Wata safiya na tarar magen gona ta fasa ɗaya. A rana ta tara Delu ta bar sheƙar gaba ɗaya. Da na ga haka na sake shi, suka haɗu a tsakiyar ruwa suna goga wuya, suna juya kai tare, amma ko kallon ƙwan ba su sake yi ba. Na bar su har kwana arba'in don taurin kai. Da na fasa ɗaya, warin ya kore ni.

Baba ya dawo da tsarabar kilishi. Na tsaya a taga na faɗa masa komai, ban rage ba. Sannan ya ce:

"Ɗiyata, wa ya ce miki agwagwa ce?"

Na ce ba kowa.

Ya ce wannan tsuntsun mace ɗaya yake riƙewa, shekara da shekaru, galibi sai mutuwa. In macen ta sauka cin abinci, namijin ne ke hawa ya rufe ƙwan. Faɗan da yake yi aikinsa ke nan. Na cire mai gadi, na cire mai canjinta, sannan ina mamakin ta tashi. Ya ce laifinsa ne da bai yi mini bayani ba. Na ce a'a, nawa ne, waya tana hannuna.

Babban ɗan Mama dama tafkin ya ishe shi. Ruwa, wuta, ma'aikata, ga tsuntsu mai dukan yara. Ya ce a cike ramin a kafa tanti, tsuntsayen a ba wa mai so, ni in koma kicin a Nasiriyya, Baba kuma ga tumaki. Matan gidan suna ganin zafi ne ya kashe ƙwan, da na yi shiru da a haka za a tafi. Amma in zafi ne, to ba amfanin sake gwadawa ke nan, don baɗi ma zafin yana nan. Na je na samu Mama tana shan gahawa, na durƙusa, da guntun Larabcina na ce mata ba rana ba ce, ni ce. Na faɗa mata abin da Baba ya faɗa mini. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce ashe bakin nawa yana faɗin gaskiya ko a kaina ne. Ta ce wa ɗanta a ƙara shekara ɗaya. In ba 'ya'ya, ya kawo motar ƙasa ya cike ramin.

Shekarar nan na yi aiki kamar ba gobe. Da sanyi ya fara ja baya na sa Baba ya samo baƙar ragar inuwa irin ta masu shuka, ya miƙo ta taga, ni da wata 'yar Habasha mai wanki muka ɗaure ta saman kusurwar. Na toshe ramin da mage take bi. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun farko: maimakon in killace tsuntsu, na killace mutane. Na ja waya daga bishiyar dabino zuwa katanga, taku ashirin daga sheƙa. Na ce wa Mama daga ranar da Delu ta kwanta, kwana talatin da shida, ba mai ƙetarewa. Ba yara, ba baƙi, ba mai ɗaukar hoto.

Ƙwai shida ta yi. A sati na uku aka yi walima, mata cike da gida. Surukar Mama, uwar yarinyar da ta faɗi bara, ta taho da ƙawayenta uku da waya a hannu za su shiga. Na tsaya a bakin wayar da tiyo a hannuna na ce mamnu'u, an hana. Ta ce ni wace ce da zan hana ta wuri a gonar mijinta, shagala ce fa ni. Na ce ƙwarai, shagala ce, amma ba za ta wuce ba. Na san kalma ɗaya daga bakinta ta isa a haɗa mini jaka. Sai muka ji Mama daga kan kujerarta, ko murya ba ta ɗaga ba:

"Ku bar ta. Ni ma nan nake tsayawa."

Washegari da hantsi na ga abin da idona. Delu ta miƙe, ta ja ciyawa ta ɗan rufe ƙwan, ta sauka ruwa. Kanar ya hau tulin nan da manyan ƙafafunsa, a hankali kamar mai taka ƙaya, ya gyara, ya zauna. Shi ɗin da ya kusa karya mini ƙwauri. Ya zauna har ta ci ta yi wanka ta dawo. Na je taga na faɗa wa Baba, ya ce to yanzu na ga wani abu.

Ran kwana talatin da shida da safe na ji ƙananan kuka daga ƙarƙashinta. Kafin washegari huɗu sun fito, biyu ba su yi ba. Ba farare ba ne, toka-toka ne, da baki mai duhu, jiki kamar auduga. 'Yar Habashar ta ce anya ba a yi mana musanya ba? Na ce haka suke zuwa, sai sun shekara suke fari, bakin kuma sai ya kai shekara biyu kafin ya zama ruwan lemo sosai. Kwana ɗaya suka yi a sheƙa, uwar ta kai su ruwa. Da suka gaji suka hau bayanta suka shige tsakanin fukafukai, kawunansu kaɗai ake gani, Kanar yana biye a baya yana hararar duniya.

Na ɗauki hoto na kai wa Baba a taga. Yana riƙe da wayar yana matso da ita kusa da ido, sai ga Mama ta turo a tambayi abin da nake yi a ƙofa. Da aka faɗa mata sai ta ce kowace mace ta sa abayarta, a buɗe masa. Kusan shekara uku rabon da ya shiga wurin iyali suna nan. Ya shigo kansa a ƙasa, ya tsaya daidai bakin wayata bai ƙetare ba. Kanar ya taso masa da huci. Baba ya ce:

"Kanar, ashe kana nan da halinka. Barka da arziki."

Ba a sake maganar motar ƙasa ba.

Yanzu 'ya'yan sun yi wata bakwai, gashinsu ya yi dabbare-dabbare, fari yana cin tokar. Uban ya fara korarsu, don haka al'adarsu take, in sabon lokacin sheƙa ya matso ba ya son kowa a ruwansa, ko nasa ne. Dole a raba kafin ya ji wa wani. Ɗan Mama, wanda ya so cike rami, shi ne yanzu ya sa a haƙa na biyu, har yana kawo abokansa su leƙa ta taga. Baba kuma ya ce in Allah ya kai mu bayan Sallah zai koma gida gaba ɗaya, gwiwa ta ƙi.

Kwantiragina yana ƙarewa wata mai zuwa. Inna ta bugo ta ce in dawo haka nan, agwaginta ma suna neman mai kula. Na ce mata ta yi haƙuri. Zan sabunta shekara biyu, ina so in ga bakin huɗun nan ya juya, in faɗi wanne ne namiji wacce ce mace da bakina kafin likita ya taɓa su. Na kuma gaya wa Mama tafki biyu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a kawo mini mataimakiya, ni zan zaɓa. Wadda ta ce tana son aikin hutu a Suwaidi, ita zan fara kira. Ranar farko ba za ta taɓa komai ba, za ta tsaya ta faɗa mini abin da ta gani. In kuma ta ce mini uwarta tana da agwagi, a ranar zan ba ta labarin kejin barewa, tun kafin Baba ya tafi, don ya gyara mini inda na rage.